Nazarin Lamari: Yadda Garin San Fernando Ya Faɗa Hannun 'Yan Zetas, da Abin da Ya Biyo Baya

Garin da hanyoyinsa

San Fernando ƙaramar hukuma ce a jihar Tamaulipas, arewa maso gabashin ƙasar Meksiko. Daga garin zuwa Matamoros, inda kogin Rio Grande ya raba ƙasar da jihar Texas ta Amurka, kimanin kilomita 140 ne, tafiyar da ba ta wuce awa biyu a mota. Ƙidayar 2010 ta nuna mutum kimanin 57,000 a faɗin ƙaramar hukumar. Noman dawa ne babbar sana'a, gonaki ne shimfiɗe iya ganinka, sai kamun kifi da jatan lande a tafkin Laguna Madre da ke gabas, sai kuma rijiyoyin iskar gas na yankin Burgos.

Hanya ce ta jawo wa garin masifa. Titin tarayya mai lamba 101 ya taso daga Ciudad Victoria, hedikwatar jihar, ya ratsa ta San Fernando ya nufi Matamoros. Titi mai lamba 180 da ya biyo gaɓar teku daga Veracruz da Tampico yana haɗuwa da shi kudu da garin, a arewa kuma titi mai lamba 97 ya rabu ya yi Reynosa. Ke nan duk kayan da za su bi ta gabashin ƙasar su shiga kudancin Texas, na halak da na haram, da wuya su kauce wa wannan mararraba. Ga kuma hanyoyin gona marasa kwalta da suka yi rassa ko'ina, waɗanda ɗan gari zai bi ya zagaye shingen jami'an tsaro, da keɓaɓɓun gidajen gona da za a yi kwana da kwanaki ba wanda ya leƙa. Ɗan ci-ranin da ya taso daga Honduras ko El Salvador ko Guwatamala ma nan ce hanyarsa mafi kusa zuwa Amurka.

Zuwa 2009: yadda matafiyi ya zama haja

Gungun Gulf ne ya daɗe yana riƙe da safarar hodar ibilis da tabar wiwi a jihar. A ƙarshen shekarun 1990 shugabansa, Osiel Cárdenas Guillén, ya sayi wasu sojojin runduna ta musamman, suka ajiye kaki suka zama masu tsaron lafiyarsa da yi masa kisa. Su ne aka sani da Zetas. An kama Cárdenas a 2003, aka miƙa shi ga Amurka a Janairun 2007, wata guda bayan Shugaba Felipe Calderón ya fara tura sojoji yaƙi da gungunan ƙwaya. Da maigida ya tafi, sai yaran suka fara cin gashin kansu a ƙarƙashin Heriberto Lazcano da Miguel Ángel Treviño.

Su Zetas ba su da tsofaffin abokan hulɗa a Kolambiya kamar sauran gunguna. Abin da suka iya shi ne riƙe ƙasa da bindiga, don haka suka mayar da ƙasar kanta hanyar samun kuɗi. Mai shago ya biya kuɗin kariya duk wata, mai tirela ya biya, mai satar man bututu ya biya, jagoran da ke tsallakar da 'yan ci-rani ya biya a kan kowane kai. Wanda ya biya sai a ba shi wata kalmar sirri da zai faɗa a shinge. Wanda bai da ita, mutanen da ya ɗauko sun zama ganima.

Garkuwar tana da tsari, kuma shaidun waɗanda suka kuɓuta sun yi kama da juna. Masu leƙen asiri, galibi samari a kan babur ko direbobin tasi, suna kai rahoton kowace mota. Wasu kan saje da matafiya tun a kan jirgin ƙasa na dakon kaya ko a gidajen saukar baƙi, su gano wa ke da ɗan'uwa a Amurka. Idan an kwashe mutane sai a kai su wani gida, a raba su da wayoyi da takardun da suka rubuta lambobi, a dake su da faffaɗan katako har su faɗi lambar ɗan'uwan. Ana kiran ɗan'uwan ne a lokacin da ake dukan, don ya ji da kunnensa. Kuɗin kan zo ta kamfanonin aika kuɗi, a rarrabe kashi-kashi da sunaye daban-daban. Wanda ba mai biya masa, ko a tilasta masa aiki, ko a kashe shi. Mata kuwa fyaɗe ya zama ruwan dare.

A Yunin 2009 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙasar ta fitar da rahoto cewa cikin wata shida kacal, daga Satumban 2008 zuwa Fabrairun 2009, an yi garkuwa da 'yan ci-rani 9,758. Kuɗin fansa tsakanin dala 1,500 ne zuwa 5,000, matsakaici 2,500, jimilla kimanin dala miliyan 25. Rahoton ya kuma ambaci hannun jami'an gwamnati a wasu lokutan. Dalilin da ya sa sana'ar ta yi sauƙi a bayyane yake. Har zuwa 2008 shiga ƙasar ba takarda laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku, kuma ko bayan an soke wannan, doka ta ci gaba da tilasta wa jami'i ya bincika takardun duk baƙon da ya zo gabansa. Ɗan ci-ranin da ya kai ƙara, kansa ya kai a tasa ƙeyarsa gida. Iyalinsa kuwa suna wata ƙasa, ba biza, ba kuɗin lauya.

Farkon 2010: ɓaraka

A Janairun 2010 mutanen Gulf suka kashe wani kwamandan Zetas a Reynosa, ƙawance ya watse, yaƙi ya ɓarke. Gulf ta riƙe Matamoros da Reynosa, Zetas suka kafa sansani a San Fernando don toshe mata hanyar kudu. Ayarin motocin a-kori-kura ɗauke da 'yan bindiga suka riƙa shiga gari da rana tsaka. Masu hali suka tsallaka Texas, shaguna suka koma rufewa tun la'asar, jaridun jihar suka daina buga labarin. A ranar 28 ga Yuni aka kashe Rodolfo Torre Cantú, ɗan takarar gwamna da ake ganin shi zai ci zaɓe, a kan hanyar filin jirgin Ciudad Victoria, saura kwana shida a kaɗa ƙuri'a.

Yaƙin ya ƙara wa matafiya wani haɗari a kan na kuɗin fansa. Kowane ɓangare na neman mayaƙa, kowanne kuma na zargin duk wani saurayi da ya nufi arewa da cewa abokan gaba ne suka ɗauko shi.

Agusta 2010: mutum 72

A tsakanin 22 da 23 ga Agusta 'yan Zetas suka kashe 'yan ci-rani 72, maza 58 da mata 14, a wani kangon rumbu da ke ƙauyen El Huizachal. An tare su ne a cikin manyan motoci biyu. An ɗaure musu hannu, an rufe musu ido, an jera su a jikin bango, aka bi su da harbi. Mutanen Honduras ne da El Salvador da Guwatamala da Ikwado da Birazil, da ɗan Indiya guda. Wani matashi ɗan Ikwado mai shekara 18, wanda harsashi ya shiga ta wuyansa ya fita ta muƙamuƙi, ya yi lamo cikin gawawwaki har maharan suka tafi. Ya yi tafiyar kimanin kilomita 20 a ƙafa kafin ya isa shingen sojojin ruwa. Shi ne ya ce an nemi su yi wa gungun aiki suka ƙi. Sojojin da suka je bincike sun yi arangama da 'yan bindiga, aka kashe soja ɗaya da mahara uku, a ranar 24 ga wata aka gano gawawwakin.

Agusta 2010 zuwa Fabrairu 2011: matakan farko

Kura-kurai sun fara tun daga kwanakin farko. Suna da hoton matashin da ya tsira suka fita a kafafen labarai yana kwance a gadon asibiti, shi da iyalinsa suka shiga haɗari. Mai binciken ofishin gabatar da ƙara na jiha da ya fara buɗe fayil, tare da shugaban tsaron ƙaramar hukumar, sun ɓace kwana ɗaya bayan gano gawawwakin, aka tsinci gawarsu a farkon Satumba. A ranar 27 ga Agusta motoci biyu maƙare da bam suka tashi a Ciudad Victoria, ɗaya a ƙofar gidan talabijin.

Gawawwakin kuma ba a kula da su yadda ya kamata ba. An bar su a fili cikin zafin Agusta, an zuba wa wasu farar ƙasa, abin da ke cinye fata da fuska, ya goge zane da tabon da ake gane mutum da su. An kai 56 birnin Meksiko a cikin tirela. An aika wa iyalai akwatuna a rufe da umarnin kada su buɗe, har gawar ɗan Birazil ta sauka a Honduras. Waɗanda ba a gane ba aka binne su a kabarin gama-gari a babban birnin ƙasar. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta tabbatar da sakacin a shawarar da ta fitar a Disamban 2013, bayan sama da shekara uku.

A siyasance, shugabar hukumar shige da fice, Cecilia Romero, ta sauka daga muƙami a Satumba. An ƙara sojoji a jihar, an kama wasu da ake zargi. 'Yan sandan ƙaramar hukumar San Fernando kuwa aka bar su a bakin aikinsu, ba kuma wanda ya kafa tsaro na dindindin a kan titi mai lamba 101. A Fabrairun 2011 rahoto na biyu na hukumar haƙƙin ɗan'adam ya nuna an sace 'yan ci-rani 11,333 daga Afrilu zuwa Satumban 2010.

Maris zuwa Yuni 2011: motocin bas da kaburbura 47

A watan Maris 'yan Zetas suka riƙa tare manyan motocin bas na fasinja da suka taso daga jihohin tsakiyar ƙasar, irin su Michoacán da Guanajuato da Querétaro. Su hau mota, su duba katin shaida da saƙonnin waya, su nuna maza majiya ƙarfi su ce su sauka. Motar ta ci gaba da tafiya da kujeru wayam. A tashoshin Reynosa da Matamoros akwatuna da jakunkuna suka taru jibgi, kowacce da tikitinta a ɗaure, ba mai zuwa karɓa. Makonni aka yi a haka kafin hukuma ta motsa.

A farkon Afrilu aka fara tono kaburbura a yankin La Joya. Ranar 6 ga wata aka sanar da gawa 59, zuwa watan Yuni adadin ya kai 193 a kaburbura 47. Yawancinsu ba harsashi ne ya kashe su ba, an farfasa musu kai ne da abu mai nauyi irin guduma. A wannan karon 'yan ƙasa sun fi yawa, maza masu zuwa aikin ƙwadago a Amurka, tare da 'yan Amurka ta Tsakiya.

Ɗakin ajiye gawa na Matamoros ya cika ya batse, aka ajiye sauran a tirela mai sanyaya kaya. Ɗaruruwan iyalai daga sassan ƙasar suka yi layi a ƙofa riƙe da hotuna, da yawansu sun shekara suna ɓoye ɓatan ɗansu saboda tsoro. An kai gawa 120 birnin Meksiko, sauran suka zauna a hannun jiha. Raba su gida biyu ya raba fayil da samfur da kayan jikinsu tsakanin ofisoshi biyu da ba sa musayar bayani.

A cikin watan Afrilun aka tsare 'yan sandan ƙaramar hukumar 16. Wata takarda ta ofishin babban mai gabatar da ƙara na tarayya, wadda aka tilasta fitar da ita a Disamban 2014, ta nuna abin da waɗanda aka kama suka faɗa: 'yan sandan suna karɓar albashi daga Zetas, suna yi musu leƙen asiri, suna tare mutane su miƙa musu.

2011 zuwa 2015: soja, kame da sabuwar doka

Gwamnati ta bi hanya uku. Ta farko ita ce ƙarfin soja. An kwance wa 'yan sandan ƙananan hukumomi ɗamara, sojoji suka karɓi aikinsu a ƙananan hukumomi 22 na jihar, aka gina bariki a San Fernando. Kamfanonin bas suka daina tafiyar dare a titin, daga baya 'yan sandan tarayya suka riƙa yi wa ayarin motoci rakiya daga Ciudad Victoria zuwa iyaka. Tare bas a fili ya ragu ƙwarai.

Ta biyu farautar shugabanni. An kama Martín Omar Estrada, kwamandan Zetas na San Fernando, a Afrilun 2011. An kama Édgar Huerta a watan Yuni, ya ce umarnin binciken motocin daga Lazcano ya fito. An kama Salvador Martínez Escobedo a Oktoban 2012, a watan ne kuma sojojin ruwa suka kashe Lazcano a jihar Coahuila, 'yan bindiga suka zo suka ɗauke gawarsa daga gidan da aka ajiye ta. Miguel Treviño ya shiga hannu a Yulin 2013, ƙaninsa Omar a Maris na 2015. Gungun ya dare gida-gida, kowane ɓangare na neman abin da zai ciyar da yaransa. Ƙaramin gungu ba shi da ƙarfin shigo da hodar ibilis daga Kudancin Amurka, abin da ke kusa da hannunsa shi ne mahauci da mai kanti da malamin makaranta na garinsu. Garkuwa da 'yan gari ta ci gaba.

Ta uku doka. A Mayun 2011 aka kafa dokar shige da fice da ta ba baƙo haƙƙin zuwa asibiti da kotu ko ba shi da takarda, ta kuma tanadi izinin zama ga wanda aka yi wa laifi. Dokar waɗanda aka zalunta ta biyo baya a Janairun 2013. Amma a 13 ga Mayun 2012 an zubar da gangar jikin mutum 49 a bakin titi a Cadereyta ta jihar Nuevo León, ba kai, ba hannu, ba ƙafa, cikinsu har da 'yan ci-rani. A ƙarshen 2012 kuma ofishin babban mai gabatar da ƙara ya ƙone wasu gawawwakin San Fernando da aka ce 'yan Guwatamala ne, ya aika wa iyalai toka. Ƙona gawa har ta zama toka na lalata ƙwayar halitta (DNA), saboda haka iyalin da ke shakka ba su da sauran hanyar tabbatarwa har abada.

2013 zuwa 2016: hukumar tantance gawawwaki

Ƙungiyoyin iyaye mata na Honduras da El Salvador da Guwatamala, tare da wata gidauniyar lauyoyi ta Meksiko da Ana Lorena Delgadillo ta jagoranta, suka matsa har gwamnati ta sa hannu a wata yarjejeniya a 2013. Ta kafa hukumar haɗin gwiwa kan kisan gilla uku: na mutum 72, na kaburburan 2011, da na Cadereyta. Ƙwararrun gwamnati suka zauna teburi ɗaya da tawagar masana binciken ƙasusuwa ta Ajantina, wadda aka kafa a 1984 don neman waɗanda mulkin soja ya ɓatar a can. Mercedes Doretti ce ta jagoranci tawagar a Meksiko.

Aikin yana farawa ne daga gidan mamaci. A zauna da iyali a garinsu, a cike dogon fom: tsayi, haƙorin da ya fita ko aka cike, tsohuwar karaya, zanen jiki, tufafin da ya fita da su, rana da wurin da ya yi kiran ƙarshe. A ɗigi jini daga yatsa a kan kati na musamman, daga mutum biyu ko uku. Uwa da uba da 'ya'ya sun fi ƙarfin shaida, ɗan'uwa shi kaɗai bai isa ba, domin idan rumbun bayanai ya yi girma ana iya samun dacewa ta katsaham da wanda ba dangi ba. Daga gawa kuma a yanki ɗan guntun ƙashin cinya ko a cire turmin haƙori, domin su ne ke riƙe ƙwayar halitta bayan nama ya narke. Kowace gawa da lambarta, kayan jikinta da samfurinta duk lamba ɗaya, duk wanda ya karɓa ya sa hannu. Inda wannan sarƙa ta tsinke, a nan ake aika gawa gidan da ba nata ba.

Dacewar ƙwayar halitta ita kaɗai ba ta rufe magana. Sai an gwada ta da shekaru da jinsi da tsayin da ƙashi ya nuna, da haƙora, da zanen yatsu in akwai, da ranar ɓata, a haɗa rahoto guda. Sannan a je a sanar da iyali ido da ido a ƙasarsu, da likita da mai kwantar da hankali a wurin, a yi musu bayani dalla-dalla, a amsa tambayoyinsu, a ba su kwafi. Da wannan tsari aka gane gawawwaki da dama da suka shekara a kabarin gama-gari, aka kuma gano kura-kuran da aka tafka a baya.

A Disamban 2015 aka kafa sashe na musamman mai binciken laifukan da ake yi wa 'yan ci-rani, da tsarin da ya ba iyali damar kai ƙara ta ofishin jakadancin Meksiko ba sai sun shiga ƙasar ba. A Maris na 2016 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar wasu mata biyu 'yan El Salvador, uwar wani mamaci da 'yar'uwar wani, cewa su ma waɗanda aka zalunta ne kuma suna da haƙƙin ganin fayil. Uwar ta kai ƙara ne tun farko don hana a ƙone gawar ɗanta. Abin takaici, a 2021 ya bayyana cewa a 2016 ofishin babban mai gabatar da ƙara ya sa Delgadillo da Doretti da 'yar jarida Marcela Turati cikin waɗanda ake bincika a wannan fayil ɗin na San Fernando, aka bibiyi wayoyinsu da dokar da aka yi don 'yan ƙwaya.

Zuwa 2017: mutanen gari

Su ma 'yan garin sun yi nasu neman. Miriam Rodríguez, wata 'yar kasuwa, an sace 'yarta, ta biya fansa ba a sako ta ba. Ta shiga bincike da kanta, tana sauya kamanni, tana shiga gidaje da sunan mai ƙidaya, tana tattara sunaye da adireshi tana kai wa hukuma, har aka kama kusan goma daga cikin masu hannu. Ta gano ragowar ƙasusuwan 'yar a wani gidan gona, ta kuma kafa ƙungiyar da ta haɗa ɗaruruwan iyalai masu neman nasu. A Maris na 2017 fursunoni 29 suka tsere ta rami daga kurkukun Ciudad Victoria, ta nemi a ba ta kariya. Ranar 10 ga Mayu, ranar iyaye mata a Meksiko, aka harbe ta a ƙofar gidanta. A Nuwamban shekarar aka kafa dokar ɓatattun mutane da hukumar nemansu ta ƙasa. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun ragu zuwa kimanin 51,000.

2021 zuwa 2025: shari'a

A 22 ga Janairun 2021 aka sami gawa 19 a ƙone a Camargo, duk a jihar Tamaulipas, 16 daga ciki 'yan Guwatamala. 'Yan sandan jiha ne suka yi kisan. A wannan karon an ɗauki jinin iyalai da wuri, an gane gawawwakin cikin makonni, lauyoyin iyalai sun shiga shari'ar, ɗaya daga cikin 'yan sandan ya ba da shaida. A 2023 aka ɗaure 11 shekara 50 kowanne.

Shari'ar San Fernando ta fi haka jan ƙafa nesa ba kusa ba. A Mayun 2022 aka ɗaure mutum 18, amma kan laifuka irin su garkuwa da mallakar makamai. Sai a Agustan 2024 aka yanke wa 'yan Zetas 11 shekara 50 kan kisan mutum 122 na kaburburan 2011. A Janairun 2025 aka ɗaure Estrada da wasu biyu sama da shekara 70 kowanne kan lamarin mutum 72. A Fabrairun 2025 aka miƙa 'yan'uwa Treviño ga Amurka. Tara daga cikin 72 ɗin ba a gano sunansu ba, rajistar ɓatattu ta ƙasar kuma ta haura 100,000 tun Mayun 2022.

Hukunci

Kuskure mafi tsada shi ne na wata bakwai da ke tsakanin Agustan 2010 da Maris na 2011. An san garin, an san titin, an san gungun, rahoton 2009 ya riga ya ambaci hannun jami'ai, amma aka bar 'yan sandan da ke cin albashin Zetas suna tsaron mararrabar. Mutum 193 sun mutu a wurin da idon duniya ya riga ya sauka.

Soja da rakiya sun yi amfani a abu ɗaya: sun hana tare bas da rana tsaka. Kame shugabanni ya karya Zetas, sai dai bai taɓa abin da ke kawo kuɗin ba, wato mutum mai tsoron hukuma da ke da ɗan'uwa mai dala, shi ya sa gungunan da suka gaje su suka ci gaba da sana'ar. Dokar 2011 ta gyara takarda, amma ɗan ci-rani bai ga dalilin amincewa da kakin da ya sayar da na gabansa ba, Camargo kuma ta nuna yana da gaskiya.

Hukumar tantance gawa ta yi nasara ne saboda ta gyara ainihin inda abin ya karye. Gawa tana Meksiko, jinin da zai bayyana sunanta yana wani ƙauye a Honduras, ba kuma ofishin da ke da alhakin haɗa su. Ta sa ƙwararrun da ba sa karɓar umarni daga wanda ake zargi da sakaci, ta ba iyali kujera da kwafin rahoto. Bambancin kusan shekara uku na Camargo da shekara goma sha huɗu na San Fernando daga nan ya samo asali. Abin da ta kasa shi ne kai bincike sama da ƙananan 'yan sanda, domin wannan ikon yana hannun ofishin da ya juya ya bibiyi matan da ke taimaka masa. Kisan Miriam Rodríguez kuwa laifin hukuma ne ƙarara: ta bar uwa ta yi aikin ɗan sanda, ta karɓi sunayen da ta kawo, ta kasa tsare ta.

Lamarin ya shafe mu kai tsaye, domin 'yan Afirka na bin hanyar nan. A 2019 dubban 'yan Kamaru da Kwango sun maƙale a Tapachula da ke kudancin Meksiko, a 2023 kuma 'yan Muritaniya da Senegal da dama sun bi ta Nikaraguwa suka nufi iyakar Amurka. Iyalin da ɗansu ya kama wannan hanya su adana hotonsa na kwanan nan da na duk wani tabo ko zane a jikinsa, su rubuta rana da garin kowane kira, da lambar da aka kira da ita, da rasit na duk kuɗin da aka aika. Idan ya yi shiru, a bisa tsarin 2015 ana iya kai ƙara ta ofishin jakadancin Meksiko, kuma akwai shi a Abuja da Accra. A gabatar da uwa da uba don ɗibar jini tun suna raye, kada a yarda a ƙone gawa, kada kuma a karɓi akwati a rufe ba tare da rahoton tantancewa a rubuce ba.